Yadda ake haɗa na'urorin dijital daban-daban a ƙaramin layin dogo ɗaya ba tare da an ƙona komai ba

Duk wanda ke wannan harka ta ƙananan jiragen ƙasa a nan Legas ya san kayanmu tsintuwa ne, ɗaya daga nan ɗaya daga can. Wani ɗan uwa zai taho maka da kan jirgi daga Jamus, ka ci karo da rimot a cikin kayan tokunbo, wani aboki da ya gaji ya bar maka akwatin sarrafawarsa na Amurka, kafin ka ankara kana da kayan kamfani uku a ɗaki ɗaya kuma kowanne da yarensa. Ni ma haka na fara a ɗakina na Agege, da falankin katako ɗaya da layi mai zagaye biyu na sikelin HO, wato 1:87, wanda tsakanin ƙarafansa milimita 16.5 ne. Tambayar da aka fi yi min ita ce wai za a iya haɗa su duka su yi aiki tare? Ana iyawa, amma akwai inda ake haɗawa akwai inda ba a taɓa haɗawa, kuma wannan bambancin shi ne duk maganar.

Bari in fara da abin da ya faru da ni dan ka gane dalilin da ya sa nake nanata shi. Maƙwabcina ya kawo nasa akwatin wata ranar Lahadi bayan la'asar, muka jona nasa a zagayen waje nawa a zagayen ciki, a tsakani akwai mararraba da ke haɗa layukan biyu, na sa mahaɗin roba a ƙarfe ɗaya kawai ina ganin ya isa. Kan jirgin na hawa mararrabar sai na ji ƙas, fitilarsa ta yi wani irin haske ta mutu, warin ƙonannen roba ya cika ɗakin, da na buɗe murfin sai ga dikodar, wato ƙaramar na'urar da ke cikin kan jirgi tana karɓar umarnin akwati, ta yi baƙi a gefe ɗaya kaman an ɗiga mata wuta. Wallahi ranar ban ji daɗi ba, dan wata huɗu na yi ina jiran wannan dikodar kafin ta iso hannuna.

Abin da ya faru shi ne, a tsarin dijital wutar da ke kan dogo ita ce kuma maganar. Akwatin sarrafawa yana juya wutar gaba da baya sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, tsawon kowane juyi shi ke nuna 1 ne ko 0, a DCC, ɗaya daga cikin yarukan da akwati ke magana da jirgi da su, rabin bugun 1 kusan maikrosakan 58 ne na 0 kuma 100 ko fiye. To in akwati biyu suna magana kowanne da nasa lokacin, a daidai sanda ɗaya ya ɗaga ƙarfen zuwa sama ɗayan na iya saukar da shi ƙasa, tayar jirgin da ta haɗa su ita ke shan wahalar. Ko da duka biyun DCC ne, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su, ba sa jituwa. Sahu ɗaya liman ɗaya ne ke ja. Za a iya samun masu jiyarwa da yawa a bayansa in masallacin ya yi girma, waɗannan su ne bustoci, suna maimaita abin da ya faɗa da ƙarfi amma ba sa ƙirƙiro nasu. Riƙe wannan hoton, duk sauran matakan daga shi suka fito.

Matakin farko, kafin ka taɓa waya ko ɗaya, ɗauki takarda ka rubuta abin da kake da shi. Kowane kan jirgi ka rubuta yaren da dikodarsa ke ji. DCC shi ne ya fi yawa, asalinsa daga kamfanin Lenz na Jamus ne, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mai da shi ma'auni na kowa a 1994 shi ya sa dikodar kamfani kaza ke jin akwatin kamfani kaza. Sai yaren Motorola na Märklin wanda ya fito a 1984, sai mfx nasu na baya-bayan nan, sai Selectrix na Trix wanda ba kasafai za ka gan shi a nan ba. Sannan ka juya kan jirgin ka duba cikinsa. In ka ga wani dogon ƙarfe kaman cokali a tsakiya, to na layin Märklin ne mai ɗigo-ɗigon ƙarfe a tsakiyar dogo, kuma tayoyinsa na hagu da dama a haɗe suke, kana ɗora shi a layi mai ƙarfe biyu zai yi shot nan take, wato wutar ƙarafan biyu ta haɗu kai tsaye. Wannan ba matsalar dijital ba ce, matsalar ƙira ce, ba saitin da zai gyara ta. Irin waɗannan nasu zagayen daban, har taragunsu ma, sai dai in ka canza musu tayoyi.

Mataki na biyu, zaɓi limami. Cikin akwatunan da kake da su wanne ne ya fi jin yaruka, shi za ka ba dogo. Z21 na Roco yana fitar da DCC da Motorola a layi ɗaya, Central Station da Mobile Station 2 na Märklin suna yin mfx da Motorola da DCC, ECoS na ESU yana yin waɗannan har da Selectrix, Intellibox na Uhlenbrock ma tun daɗewa an san shi da haɗa yaruka. Mutane na rikicewa a nan, suna cewa ai ka ce ba a haɗa biyu, to ya aka yi yare uku ke tafiya a dogo ɗaya? Bakin ɗaya ne, yana faɗin saƙon wannan da DCC ya gama sannan ya faɗi na wancan da Motorola, bi da bi, ba a tare ba. Sai dai ka sani duk yaren da ka bari a kunne yana cin lokaci, in ba ka da kan jirgi ko ɗaya mai Selectrix kashe shi a saiti, za ka ga jiragen sun fi saurin amsawa.

Na uku shi ne lambobi, kuma nan ne na fi son ka zauna da kyau dan nan ake samun jirgin da ke tashi shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Kusan duk sabuwar dikodar DCC da lamba 3 take zuwa, in ka ɗora uku a dogo duka za su tashi tare. Ɗauke su ɗaya bayan ɗaya zuwa layin saiti, wato guntun dogon da ke jone da ramin firogiramin na akwatin, wanda ba ya taɓa babban layi ko kaɗan. CV su ne gurabun saiti masu lamba da ke cikin dikoda: gajeriyar lamba tana CV1, doguwa tana CV17 da CV18, CV29 kuma shi ke cewa wacce za a bi. Ga inda kamfanoni suka saɓa: a ƙa'ida gajeriyar lamba daga 1 zuwa 127 ce, haka Digitrax ke ɗauka, amma Lenz daga 100 ya fara lissafa doguwa. Kenan jirgin da ka ba 110 a wannan akwatin zai iya yin kunnen uwar shegu a wancan. Ni shawarata ka tsaya ƙasa da 100, in kuma doguwa kake so ka wuce 127, ka bar wannan tsakanin gaba ɗaya. Tsohon Motorola lambobi 80 gare shi, tsofaffin dikodojin Delta na Märklin kuma 24 da 60 da 72 da 78 aka san su da su, to bar musu waɗannan kar ka ba wani. Kuma kar ka ce ai wannan 10 ta DCC ce waccan 10 ta Motorola ce, dikodar da ke jin yare biyu za ta iya amsa duka. Jirgi ɗaya lamba ɗaya, ka rubuta a ɗan tef ka manna a cikinsa.

Tunda kana kan layin saiti, gyara CV29 gaba ɗaya. Yawanci za ka same shi a 6, ma'ana matakan gudu 28 ko 128 tare da izinin tafiya da wutar analog. Wannan izinin shi ne ke jawo mana matsala a nan, dan in NEPA ta kawo wuta ko aka juya zuwa janareta, a 'yan daƙiƙun da akwatin ke farfaɗowa dikodar na iya ɗauka wutar analog ce ta kwasa da gudu, na taɓa tare ɗaya da hannu a bakin tebur. Mai da shi 2 in gajeriyar lamba kake amfani da ita, 34 in doguwa ce, in kana son RailCom, wato tsarin da dikoda ke mayar wa akwati da saƙo ta dogo, ka ƙara 8 a kai. Dikodojin ESU na zamani suna da CV47 inda za ka kashe yarukan da ba ka buƙata, na Märklin kuma in sun ji mfx shi suke fara bi, sannan DCC, sannan Motorola, dan haka in ka ga jirgi ya ƙi jin lambar DCC da ka ba shi duba ko ya riga ya yi rajista da mfx. In komai ya cakuɗe, dikodoji da yawa suna komawa yadda suka fito daga kamfani in ka rubuta 8 a CV8, amma duba takardar taka tukuna dan ba duka ba ne.

Na huɗu, me za a yi da sauran akwatunan da rimotocinsu? Ba zubarwa za a yi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba ko limamin naka yana da ramin da rimot ɗin zai shiga. Baƙin Z21 yana da ramin X-Bus na rimotocin Roco da Lenz masu XpressNet, yana kuma da na LocoNet wanda Digitrax da Uhlenbrock ke amfani da shi (XpressNet da LocoNet tsarukan waya ne da rimot ke magana da akwati ta cikinsu), farin z21 ƙarami kuma ba shi da LocoNet, ka lura da wannan kafin ka ba da kuɗi. Dan Allah a nan ka yi hattara: kan wayar LocoNet da na XpressNet da na kamfanin NCE duk kama ɗaya suke, irin kan wayar tarho mai ƙafa shida, RJ12, zai shiga ya yi ƙas lafiya lau amma abin da ke kan kowace ƙafa daban ne. Shigarsa ba ta nufin gidansa ne. In za ka sa a matse maka waya a Computer Village da ke Ikeja, ka tsaya a kansa ka tabbatar mai zare shida ce ba huɗu ba, kuma ƙafa ta 1 ta tafi ƙafa ta 1, dan wayar tarho ta gida sau da yawa a juye take. Ni fenti nake shafa wa kawunan, ja na LocoNet shuɗi na XpressNet.

In rimot ɗin ba shi da rami a wajen limami, akwai wata dabara mai kyau da ECoS da baƙin Z21 ke da ita, ramin sinifa, wato mai saurare. Sai ka cire wayoyi biyun da tsohon akwatin ke kaiwa dogo, ka kai su wannan ramin maimakon dogo. Tsohon akwatin zai ci gaba da magana yana ganin da jirgi yake yi, limamin yana saurara yana fassarawa ya faɗa da bakinsa. Da haka maƙwabcina yake tuƙi da rimot ɗinsa da ya saba har yau. Abu biyu kawai: hanyar ɗaya ce, saƙo na tafiya ba ya dawowa, dan haka ba za ka karanta CV ta nan ba, kuma ka bi waya da ido ka tabbatar ba wani zare da ya rage daga tsohon akwatin zuwa dogo, ko guda ɗaya.

Na biyar, bustoci, in layin ya yi girma ko jiragen masu sauti sun yi yawa har amfiya 3 na akwatin ba ta isa. Busta na wani kamfani zai iya aiki muddin daga limami yake karɓar sigina, da yawa suna da ramuka uku masu suna C da D da E, biyun farko sigina na ukun kuma shi ke kai rahoton shot. Raba layin gida-gida, kowane busta da unguwarsa, a iyaka ka yanka ƙarafan duka biyu ka sa mahaɗin roba, ba ɗaya ba kaman yadda na yi. Sannan gwajin da bai kamata ka tsallake ba: samo ƙaramin kwan fitila na bolt 24 irin na babbar mota, ka taɓa ƙafarsa ɗaya kafin yankan ɗaya bayan yankan, a ƙarfe na gefe ɗaya. In ya kama da haske to a juye suke, musanya wayoyi biyun da ke fita daga bustan ka sake gwadawa har sai ya ƙi kamawa. Ka daidaita ƙarfin wutar ma, HO wajen bolt 14 zuwa 16 yake so, sikelin N wanda ya fi shi ƙanƙanta kuma wajen 12, in unguwa ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi za ka ga jirgi na zabura a iyaka. Mitar gwaji ta kasuwa ba ta karanta wutar DCC daidai saboda yanayin bugunta, amma in da mita ɗaya ka auna ɓangarorin biyu za ka gane ko sun yi kusa. Maganar haɗa wayar ƙasa tsakanin bustoci kuwa kowane kamfani da nasa tsarin, karanta takardunsu biyun kafin ka haɗa, kar ka yi da ka. In ka kunna RailCom kuma, dole duk bustocin su zama masu iya yin ɗan shirun da yake buƙata a lokaci ɗaya, in ɗaya bai iya ba gara ka kashe shi duka.

Toh yanzu in ka dage sai dai kowane akwati ya riƙe nasa zagayen, misali kai da ɗanka kowa da nasa, ba laifi, hakan ma na tafiya muddin ba waya ko ƙarfe da ya haɗa su. Matsalar sai in kana son jirgi ya tsallaka daga wannan zuwa wancan. Ga yadda na yi nawa. Na ware wani yanki a tsakiya wanda ya fi dogon jirgina tsawo har da taragunsa, sannan a kowane ƙarshensa na ƙara guntun yanki na tsaro, duka da yanka a ƙarafa biyu, kenan yanka huɗu ne a jere. Na samo makunni mai layi huɗu mai juyi biyu wanda tsakiyarsa kashewa ce, irinsa ana samu wajen masu kayan lantarki a Alaba. Layi biyu na farko su ke zaɓar wa yankin tsakiya akwatin A ko na B. Layi biyu na ƙarshe kuma suna ɗibar wuta daga yankin tsakiyar su ba guntun tsaro na ɓangaren da aka zaɓa kaɗai, ɗayan ya zauna a mace. Jirgi ya shigo daga A, ka tsayar da shi cak, ka kai makunni tsakiya, ka ƙirga uku, ka kai B, ka kira lambarsa a rimot ɗin B. In ka manta ba ka tsayar ba zai faɗa mataccen guntun ya tsaya da kansa kafin ya taɓa B. Guntun tsaron ya fi kan jirginka mafi tsawo, ka ƙara masa sosai in dikodar na da kafasita mai riƙe wuta dan tana ci gaba da tafiya bayan wuta ta yanke, haka taragu masu fitila da ke ɗibar wuta gaba da baya suna iya zama gada su ciyar da mataccen guntun. Gwada da hannunka a kan makunnin bango sau da yawa kafin ka yarda da shi.

Akwai kuma rabon aiki wanda ni na fi so a raina: tsohon akwatin ya riƙe mararrabu da fitilun sigina ta nasa wayoyin daban a ƙarƙashin tebur, sabon ya riƙe jirage. Amfaninsa in jirgi ya bi mararraba a karkace ya yi shot dogo ya mutu, mararrabar na da wutarta, sai ka juya ta kawai a ci gaba. A nan za ka iya cin karo da wani abu da ya sa na kwana biyu ina neman laifin waya: lambar mararraba a tsarin Roco ta sha bamban da ta sauran da 4, wacce ka saita 1 a akwatin wani kamfani sai ka same ta a 5 a na Roco. Ba lalacewa ba ce, a manhajar saitin Z21 akwai inda ake daidaita shi da ƙa'idar RCN-213, ko kuma ka sake koya wa dikodar mararrabar lambarta daga akwatin da zai riƙe ta.

Wanda ke ɗinke wannan duka shi ne kwamfuta. Manhajar sarrafa layi ta JMRI kyauta ce, Rocrail ma haka, tsohuwar laftof ko ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta isa. JMRI na iya jonuwa da akwati biyu a lokaci ɗaya, Z21 ta wayar netwok, Digitrax ta mahaɗin USB irin PR4 ko LocoBuffer-USB, kowanne da harafinsa, LT1 na nufin mararraba ta 1 a LocoNet, kuma a saiti za ka gaya mata wa ke tuƙi wa ke juya mararraba. Ka kunna sabar WiThrottle a ciki, wadda ke ba waya damar zama rimot, kowa ya sauke manhajar Engine Driver a wayarsa ta Android, shikenan baƙo ma ya zo zai tuƙa ba sai an nemo masa rimot ba. Wanda aljihunsa bai kai ba ya duba DCC-EX, akwatin sarrafawa da mutum ke haɗawa da kansa a kan allon lantarki na Arduino Mega, a yarukan dijital DCC kaɗai yake yi amma JMRI na jin sa sarai, kuma ya yi kyau a matsayin na biyu mai riƙe mararrabu ko layin saiti.

Saura maganar wutar gida, wadda a Legas ba ƙarama ba ce. Karanta bayan kowace adafta, in an rubuta 100 zuwa 240 to lafiya, in 120 kaɗai ne kaman yawancin tsofaffin kayan Amurka sai da taransifoma mai saukar da wuta, wutarmu 230 ce. Jona duka akwatunan da bustocin a soket mai tsawo guda ɗaya bayan sitabilaiza ko UPS, dan su kama tare su mutu tare kuma ka sami makunni ɗaya da hannunka zai kai da sauri. Kar ka bar su a jone lokacin da ake tada janareta. Sannan damshin garin nan na sa ƙarfen dogo ya dushe cikin kwanaki, da hunturu kuma ƙura, kuma dattin dogo na kawo alamomi iri ɗaya da rikicin yare, jirgi ya riƙa tsayawa fitila na ƙyaftawa sauti na yankewa, dan haka kafin ka zargi saiti goge dogo da tayoyi da ƙyalle mai ɗan sifirit, ban da sanfefa dan tana barin ƙarce da datti ke maƙalewa.

Gwaji na ƙarshe kafin ka ɗora jirgi mai tsada: ɗauki kwabo ko makulli ka ɗora a kan ƙarafan biyu a kowace unguwa, musamman can nesa da inda waya ta shiga. Akwatin ko bustan ya yanke wuta nan take. In ya yi jinkiri ko ka ji ƙarfen na ɗumi, wayarka ta yi siriri ko mahaɗan sun yi sako-sako, ja waya mai kauri a ƙarƙashin tebur ka riƙa ɗaukar reshe zuwa dogo duk bayan mita ɗaya ka liƙa da dalma. Bayan nan ka fara da kan jirgi mafi arha da kake da shi, a matakin gudu na 2 ko 3, ka bi shi da ido ya tsallake kowane yanka gaba da baya sau uku, sannan ka ɗora na biyu.